Haki kafin shekara talatin

Aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji a nan Sakkwato ya koya mini cewa tambayar "kana shan taba?" ba ta wadatar ba. Matashi zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, amma da ya ɗan yi sauri sai haki.

Huhu yana ci gaba da ƙarfi har wajen shekara 20 zuwa 25, daga nan ya fara ja da baya sannu a hankali. Wanda ya sha nimoniya yana yaro, ko asma da ba a kula da ita ba, sau da yawa huhunsa ba ya kai inda ya kamata. Da ƙaramin jari ya fara, ƙurar hunturu da hayaƙi su ci sauran. Shi ya sa nakan tambayi mace: "Yaya, ina kike girki, cikin ɗaki ko tsakar gida?" Goyon da ke bayanta ma hayaƙin icen yake shaƙa. Ɗan kabu-kabu yini yake bayan salansar motoci, mai tsire na kan tukuba, ga shisha da samari suka raina don tana ƙamshi.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu gama maganin tarin fuka. Wata 6 cif, gwajin kaki ya nuna ƙwayar cuta ta tafi, a sallame su. Tabon da ta bari a huhu kuwa yana nan. Tari ya ƙi tsayawa, mutum ya koma kemis yana sayen maganin tari kwalba bayan kwalba. Abin da yake buƙata gwajin hura iska ne: ya shaƙi maganin buɗe hanyar numfashi, ya cika ƙirji, ya hura iya ƙarfinsa. In iskar da ta fita a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk iskar da ya hura ba, hanyar numfashi ta ƙuntata. Na'urar kuwa sai babban asibiti, ga kuɗin mota daga ƙauye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan toshewar huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD, ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma kusan kashi 90 na waɗanda ta kashe kafin shekara 70 'yan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ne. Duk da haka in an ba saurayi inhela, wato ɗan abin shaƙar maganin buɗe hanyar numfashi, sai ya ɓoye a aljihu, wai kada a ce ya zama majinyaci. Nakan sa ya gwada shaƙa a gabana kafin ya fita, don da yawa a baki suke fesawa, maganin bai kai huhu ba.