Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tambayar Ummi

Makon jiya na tsaya a inda na fara tuƙin tasi a Bronx, a birnin New York. A wannan shekarar Ummi, autata, tana aji bakwai, sai watan Fabrairu ya kama, watan da Amurkawa suka ware wa tarihin baƙar fata. Masanin tarihi Carter Woodson ne ya assasa shi a 1926, mako ɗaya tal, sai a 1976 aka maishe shi wata guda.

Malamarsu ta ce kowa ya rubuto labarin wani gwarzo. Ina cin tuwo bayan isha'i Ummi ta durƙusa gefena, ta ce, "Baba, kafin jirgin bayi me muke yi?" Na karɓi littafinta na duba. Da sarƙa a wuya ya fara, ya ratsa gonar auduga, ya dire kan Martin Luther King. Kafin sarƙar babu komai, sai ka ce daga ƙasa aka tono mu. Raina ya ɓaci, don mu ma a firamare an koya mana wai Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali kakanni na kamun kifi a cikinsa tun kafin ya iso garin Segu, a Mali ta yanzu, a 1796. Ba sai an ƙona littafi ake shafe mutane ba, a yanke farkon labarinsu ma ya isa.

Na ture kwanon na ba ta labarin Bahia, a Brazil. A Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador. Yawancinsu Yarabawa ne, da Hausawa a cikinsu, kuma Hausawa ne suka kitsa wani yunƙurin bore a can a 1807. A jikin waɗanda aka kashe an tarar da layu da takardu, ayoyin Alƙur'ani rubuce da hannunsu. Wato da karatunsu aka loda su a jirgi.

"Irin layar da Hajiya ta ɗinka mini, Baba?"

"Irinta sak."

Kan wannan ta yi rubutunta, ta ɗauki allonta na islamiyya ta tafi da shi aji. Wani yaro baƙar fata, ɗan asalin Amurka, ya roƙe ta ta rubuta masa sunansa da ajami. Washegari mahaifiyarsa ta nemi lambata, kuma da zuwanta gidanmu zan ci gaba mako mai zuwa, in sha Allahu.