Yadda Gyaɗa Ta Karkatar Mini da Rahoton Ciniki

Kowace Asabar nakan fitar wa kawuna rahoton cinikin shagonsa na kayan abinci da ke Sabon Garin Zariya, kuma da na gaji da rubutun hannu sai na haɗa wani ɗan tsari da Python, wani harshen rubuta umarni ga kwamfuta, wanda yake jera sunan kaya a hagu, yawan buhuna a tsakiya, kuɗi kuma a dama. Masara da dawa da gero ba su taɓa ba ni wahala ba, amma duk layin da gyaɗa ta fito sai adadinsa ya janye hagu da gurbi ɗaya, na ƙuli-ƙuli kuwa da gurbi biyu. Kawu ya gyara zaman tabarau, ya bi takardar da yatsa, ya ce, "Ɗana, ko na'urar taka ba ta jituwa da gyaɗa ne?"

Kwana biyu na yi ina zargin firinta, alhali ba ruwanta. Sai da na sa kwamfuta ta ƙirga tsawon kalmar gyaɗa, ta ce shida, ni kuwa haruffa biyar nake gani, sannan na gano bakin zaren. A tsarin UTF-8, wato hanyar da kwamfuta ke adana haruffa, kowane harafi mai lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, yana cin bayit biyu (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta, harafi irin a ko g ɗaya yake ci), alamar naira ma uku take ci, kuma Python 2 da ke kan tsohuwar kwamfutata bayit yake ƙirgawa idan ba a sanar da shi cewa rubutun Unicode ba ne, wato tsarin da ya ƙunshi haruffan harsuna daban-daban. Saboda haka umarnin ljust, wanda ke cike ragowar fili, yakan rage gurbi ɗaya a kan kowace lanƙwasa.

Na koma Python 3, abin da ya kamata in yi tuntuni, tun da an daina kula da na 2 a farkon 2020. Na ware wa sunan kaya gurbi 20, kuɗi gurbi 12 a jingine dama, na kuma bayyana UTF-8 a wajen buɗe fayil, domin Windows ya ƙi rubuta ƙ da na bar masa zaɓi.

Ranar da na tura wa Kawu rahoton ta WhatsApp layukan suka sake wargajewa, saboda haruffan waya ba faɗinsu ɗaya ba. Yanzu nakan kewaye rubutun da alamar ``` a farko da ƙarshe kafin in tura, domin ita ke sa WhatsApp ya nuna haruffa da faɗi ɗaya.