Godiya bayan jinyar Hajiyarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Hajiya ta dawo gida daga Alƙahira, kuma tun da muka sauka Kano waya ba ta huta ba. Ba zan iya bin kowa gida gida ba, shi ya sa na rubuto nan a madadin iyalai baki ɗaya.

Waɗanda suka gan ta a farkon ciwon sun san halin da aka shiga: baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana sai da ƙyar. Shanyewar ɓarin jiki ce, ga hawan jini da suga da suka daɗe suna cin ƙodarta. Wannan ƙodar ce ta sa likitoci suka yi ɗari-ɗari da hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka bayan an yi allurar ruwan aidin, don ruwan kan iya ƙara wa ƙoda lahani. Sai suka ce za a duba jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da na'urar sauti, danginta ɗaya da wadda ake yi wa masu juna biyu sikanin, amma a ɗora ta a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ya fi sirantaka.

Aka shafa mai, aka juya nan, aka juya can, allo baƙi ƙirin. Ƙashin Hajiya ya hana sautin shiga. Likitar ta ce haka ake samu a mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma, musamman tsofaffin mata.

Ita wannan baiwar Allah nake son fara yi wa godiya, don ba ta tattara kayanta ta sallame mu ba. Ta aika aka kawo wata 'yar kwalba mai suna SonoVue, farin gari ne a ciki, ta zuba ruwan gishiri ta girgiza har ya koma kamar madara. Da na ji an ce ƙananan kumfa ne za a tura cikin jijiya, gabana ya faɗi, don mu tun muna yara ake ce mana iska a allura ajali ce. Ta zauna ta yi min bayani ba gaggawa. Kumfan ba su kai ƙwayar jan jini girma ba, iskar da ke cikinsu an lulluɓe ta da siririn kitse, kuma sauti na dukansu ya dawo da ƙarfi fiye da yadda yake dawowa daga jini zalla. Ba sa bi ta ƙoda ko kaɗan, huhu ne ke fitar da iskar da numfashi cikin kusan kwata na awa. Ta tambayi lafiyar zuciyar Hajiya da ko wani magani ya taɓa yi mata borin jini, sannan aka yi allurar.

Ko minti ba a yi ba allon ya cika da ja da shuɗi, na'urar na huci daidai da bugun zuciyarta. Nan aka ga jijiyar jini ta tsakiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ta tsuke. Ba a yi tiyata ba. An ɗora ta kan maganin tsinka jini da na rage kitse, sai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi.

Bari in tsarma wannan: irin gwajin nan, ba tare da kumfan ba, ana yi wa yara masu sikila a Asibitin Malam Aminu Kano don gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar jiki tun kafin ta auku. Duk wanda ke da yaro mai sikila ɗan shekara 2 zuwa 16 ya tambayi likitansa.

Ɗaliban Azhar, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, ba mu san ku ba kuka zama 'ya'yanta. Ku ne tafinta, ku ne masu kawo kunun gyada lokacin da ta ƙi abincin asibiti. Yaya Babba da ta kwana a kujera ba ta taɓa ƙorafi ba, kawunnanmu da suka haɗa kuɗin jirgi, abokan kasuwa da suka riƙe min shago, maƙwabta da suka kula da yara, liman da jama'ar masallacinmu da ba su gaji da addu'a ba, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ba marasa lafiyarku lafiya.

Yanzu tana iya riƙe cokali, tana kiran jikokinta da sunayensu. Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe take atisaye. Kuma a yi haƙuri, likita ya hana kilishi da duk abu mai gishiri, ko da ta roƙe ku.