Godiya ga duk wanda ya zauna da mu ranar 10 ga Oktoba

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya da muka shirya zaman tattaunawa kan taɓin hankali a unguwarmu, albarkacin Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya da ake yi kowace 10 ga Oktoba tun 1992, muna miƙa godiya ga jama'a baki ɗaya. An taru lafiya, an watse lafiya, alhamdu lillahi.

Ranka ya daɗe mai unguwa, mun gode da ka ba mu ƙofar gidanka. Da a harabar asibiti aka yi zaman, da yawa ba za su leƙo ba, gudun kada a gan su a ce wani nasu ya taɓu.

Malamanmu limamai da fastoci, Allah ya saka da alheri. Hausawa, Fulani, Barebari, Yarabawa da Ibo duk sun hallara, kowa da sunan da yake kiran wannan ciwo da shi. Wani ya ce iska, wani sammu, wani jifa. Amma abin da ake yi wa mai ciwon kusan ɗaya ne a ko'ina: a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki har abin ya yi nisa. Tunda wurinku ake fara zuwa kafin a zo wurinmu, mun ji daɗin abin da kuka amince da shi a gaban jama'a, cewa addu'a da magani ba kishiyoyin juna ba ne, kuma akwai waɗanda za ku tura asibiti a ranar ba tare da jira ba. Wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, domin yana iya zama maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, kuma su biyun suna kisa cikin kwanaki. Wanda ya daina ci da sha. Wanda yake ambaton kashe kansa. Sai mai jego da ta rikice. Kun kuma yarda babu duka, babu mari, babu turu, babu cewa a ajiye maganin likita sai an gama ruƙiyya. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mai wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, sai dai doka ba ta shiga ɗaki, ku ne kuke shiga.

Iyayenmu ungozomomi, ku kuka fi kowa tambaya, kuma tambayoyinku ne suka fi amfani. Ga abin da kuka ce a rubuta muku. Kuka da ƙuncin zuciya da ke zuwa wa mace kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, yakan wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, ciwon damuwa ne, tana bukatar ganin likita. Mai haɗarin shi ne wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, galibi a makonni biyun farko: ba ta barci ko da jariri ya yi barci, maganarta ta rikice, tana jin muryoyi ko zargin ana son cutar da ɗanta. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada a ce sai an yi arba'in. A kai ta a ranar. Ciwo ne da yake warkewa sosai, kuma abin takaici ne a ce an saki mace a kan larurar da magani ke kawarwa.

Ga likitan ƙwaƙwalwa da ya bar aikinsa ya zo, mun gode da bayanin abin da ke sa a ce magani bai yi ba. Maganin damuwa, kamar amitriptyline ko fluoxetine, ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, shi ya sa wanda ya sha na kwana biyar ya ajiye bai gwada komai ba. Bayan an ji sauƙi kuma sai an ci gaba aƙalla wata shida, in ba haka ba ciwon kan dawo. Haloperidol, wani maganin taɓin hankali, kan sa wuya ya sanƙare, harshe ya yi nauyi, ido ya juye sama. Dangi su firgita su ce aljanun ne suka tashi, alhali illar magani ce da ake warwarewa cikin ɗan lokaci idan aka koma asibiti. Wanda ke yawan mantuwa da ƙwaya, a tambayi likita ko za a mayar da shi kan allurar wata-wata.

Masu kemis, mun gode da alkawarin daina sayar da diazepam da tramadol ba takardar likita.

Malaman makaranta sun nemi a maimaita batun farfaɗiya, wadda ba taɓin hankali ba ce amma ƙyamarsu ɗaya. Ba a ɗaukar ta ta yawu. Idan ta kama mutum, a kawar da wuta da abu mai kaifi, a tallafi kai da tufafi, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko manja. Idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Matasan da suka shimfiɗa tabarmi suka raba ruwa, Allah ya yi muku albarka. Ɗayanku ya tambaya ko yi wa aboki maganar kashe kai zai sa masa tunanin a rai. Ba ya sawa. Ku tambaye shi kai tsaye, ku saurara ba tare da gori ko wa'azi ba, ku ɗauke fiya-fiya da sauran maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda yake, ku zauna tare da shi har a ga ma'aikacin lafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano. A je da duk kwalayen maganin da ya taɓa sha, da wanda yake kwana gida ɗaya da shi, domin shi ya san yaushe barci ya fara gagara.

Babbar godiyarmu ga bayin Allah da suka miƙe a gaban maƙwabtansu suka ce su ma suna shan magani, suna kuma kasuwancinsu da riƙon iyalinsu. Babu bayanin likita da ya sa wurin ya yi tsit kamar nasu. Muna roƙon duk wanda ya ɗauki hotonsu ko bidiyo da waya kada ya sa a Facebook ko WhatsApp sai da izininsu. Da maƙwabta suka yi magana, kuma wasunsu suna da 'ya'ya mata da ake neman aurensu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri.