Kanwa, fensir da kuzar Jos

Ranar Talata a aji na jiƙa kanwa a kofin gilashi, na feƙe fensir biyu gaba da baya, na tsoma su ciki, na jona da batir. Nan take kumfa ta taru a bakin kowane fensir, haidirojin a ɗaya, oksijin a ɗayan. Na cire batirin na sa mitar auna wuta. Allura ta motsa, ta ɗan tsaya, sannan ta sauka a hankali. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce, "Malam, daga ina wutar ta fito?"

Daga iskokin nan biyu ne da ke komawa ruwa. Abin da William Grove ya nuna ke nan a Birtaniya a 1839: batirin da ba a caji, sai dai a riƙa ba shi makamashi. Ba ƙara, ba hayaƙi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk sanda na ɗauki jarka zan sayo wa janareta mai, sai abin ya faɗo mini a rai.

Tsadar irin wannan batirin na daga filatinam, ƙarfen da ke zuga iskokin su haɗu da sauri. Kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Shi ya sa masu bincike ke gwada haɗin baƙin ƙarfe, naitirojin da gawayi a madadinsa, kodayake bai kai shi ƙarko ba tukuna.

Amma ni kuza ce ta fi ɗauke mini hankali. Haidirojin na da wuyar adanawa, alhali etanol, wani makamashin da za a iya ba batirin a madadinsa, abu ne mai ruwa-ruwa, ana samunsa daga rogo da rake. Matsalarsa, idan ya fara narkewa a kan filatinam, yakan bar wata guba da ke manne masa ta toshe shi. Da an gauraya kuza da filatinam, sai ta jawo oksijin daga ruwa ta taimaka a wanke gubar. Ba ta kore filatinam gaba ɗaya, amma tana sa kaɗan ya yi aiki mai yawa.

Kullum ina wuce tafkunan da haƙar kuza ta bari a Bukuru, kuma wallahi abin na yi mini ciwo: an kwashe ta ɗanya shekara da shekaru, mu aka bar mana ramuka. Ina so in ga ranar da ɗalibar nan za ta gwada wannan haɗin da hannunta a ɗakin bincike a nan Jos. Jiya ta zo mini da kanwarta a ƙulle a leda, ta ce tana so ta maimaita gwajin a gaban mahaifinta.