Alhamis, darasin Whitney

Yau da hantsi Malam ya zana wani abu mai lanƙwashe-lanƙwashe a tablo, ya ce mu ɗauka rufaffen rukuni ne, wato tarin ɗigo har da na bakin iyakarsa, a tsakiyar fili, kuma fonksiyon da aka ba mu, wato ƙa'idar da ke ba kowane ɗigo daraja, a kansa kaɗai take zaune. Shin za a iya shimfiɗa ta ta game filin duka, ta fito sumul?

In rashin tsinkewa kawai ake nema, masanin lissafi Tietze ya gama da wannan tun 1915. Santsi kuwa, wato a yi ta ɗaukar deribe (ma'aunin gangare a kan ɗigo) ba tare da an ci karo da kusurwa ba, wani zance ne daban. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Malam, ai in ba ta tsinke ba, sai a goge kusurwoyin mana." Bai tanka ba. Ya jera ɗigo 0, 1, 1/2, 1/3, haka har abada. Ya ba 1/n darajar 1/n in n tana rabuwa biyu, −1/n in ba ta rabuwa, ya ba 0 sifili. Tsinkewa dai babu. Sai dai gangaren da ke tasowa daga 0 tsalle yake yi tsakanin 1 da −1, don haka ko yaya ka cike giɓin, deribe ba za ta samu a 0 ba. Aji ya yi tsit.

Daga nan ya shigo da Hassler Whitney, Ba'amurke, da aikinsa na 1934. Shi a wurinsa daraja kaɗai ba ta isa ba, kowane ɗigo sai ya zo da polinom ɗinsa na Taylor, wato sassauƙar fonksiyon da ke hasashen darajoji a kusa da shi. Sharaɗin shi ne polinomomin su yi jituwa: abin da na wannan ɗigo ya hango game da maƙwabcinsa ya zama kusan daidai, kuma saɓanin ya riƙa narkewa da sauri fiye da tazarar da ke tsakaninsu.

Ginin ne ya fi burge ni. Ana yanka abin da ke wajen rukunin gida-gida masu kusurwa huɗu, girman kowanne gwargwadon nisansa da rukunin. Tamkar magini ne yana shimfiɗa karon daɓe a tsakar gidan da dutse ya kutso ciki, irin na Birni: manya daga nesa, yana matsowa yana ƙara gutsurawa. Kowane gida ya ari polinom na ɗigon rukunin da ya fi kusa da shi, sannan a haɗe su da ƙananan fonksiyoyi masu santsi waɗanda jimillarsu 1 ce a ko'ina a wajen rukunin.

Bayan la'asar na hau kabu-kabu, hanyar kasuwar Dole a cunkushe. Da dare na duba abin da Malam ya faɗa a gurguje: in daraja kaɗai aka ba ka babu polinom, sai a 2006 Charles Fefferman ya warware matsalar, idan an ƙayyade sau nawa za a ɗauki deribe. Aikin gobe shi ne mu nuna cewa yawan gidajen da ke taɓa gida guda yana da iyaka, komai ƙanƙantarsa.