Littafin ciniki da allon hasashe

Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi a Kurna, cikin Kano. Kwamfuta biyu, benci ɗaya, sai katakon cajin waya da igiyoyi suka yi wa yawa kamar saƙar gizo. Sana'ata tura fina-finai: ka kawo wayarka ko memori, ka faɗi abin da kake so, in zuba maka, ka biya ka tafi. Da faifan CD na fara, lokacin da nake sammako zuwa Ƙofar Wambai in saro sababbi. Da kasuwar faifai ta mutu, waɗanda suka ƙi sauya hannu suka koma sayar da takalma. Ni na sayi kwamfuta ta hannu, na koyi turawa.

Wanda bai san aikin ba gani yake zama ne kawai. Sai ka raba fina-finai gida-gida, na Hausa daban, fassarar Indiya daban, masu dogon zango kowanne da makonsa, domin matar aure ba za ta aiko yaro da kuɗi a mayar mata da kashin da ta riga ta kalla ba. Sai ka sabunta rajista da hukumar tace fina-finai. Sai ka yi fama da wuta. Kafin in haɗa sola, man janareta ne yake cinye ribar yini. Ga memorin jabu, wanda zai nuna maka ya ɗauka, mai shi ya je gida ya tarar babu komai, ya dawo yana cewa ka cuce shi.

Ina da littafi da nake rubuta abin da aka fi nema kowane mako. Saboda littafin nan na daɗe ina ganin babu wanda ya kai ni sanin fim. Shi ya sa duk lokacin da aka fitar da sunayen 'yan takarar wata gasa, nake ɗauko allo in rataye a ƙofar shago, kowa ya rubuta wanda yake ganin zai ci. Ba ma sa kuɗi, caca ba ta shiga shagona. Wanda ya fi kowa faɗuwa tsakanina da yarana biyu shi ne da sharar shago mako guda.

Na yi shara ba sau ɗaya ba.

A 2020 ne allon ya fara kunyata ni. Fim ɗin The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa aka yi, ko sau ɗaya ba a tambaye ni shi ba a lokacin. Na tsallake shi. Sai ga shi ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, Maryam Booth kuma ta karɓi ta mataimakiyar jaruma. Ƙaramin yarona, wanda kullum kansa na cikin waya, shi ya canka. Ya ce min, "Oga, kai masu saye kake ƙirgawa, su kuwa alƙalai ne suke zama su kalla. Ba sa neman rawa da waƙa." Na ce ya rufe min baki, amma na riƙe maganar. A AMVCA, wata gasar fina-finan Afirka, ma haka take: wasu rukunan jama'a ke jefa ƙuri'a, wasu alƙalai ke yankewa, kuma sai ka san wanne ne kafin ka rubuta suna. Daga 2024 da aka haɗe harsunan gida na Afirka ta Yamma a rukuni ɗaya, fim ɗin Hausa da na Yarabawa suke karawa, lissafin ya ƙara wuya.

Sau ɗaya littafina ya fitar da ni kunya, a Oscar ta 2023, babbar gasar fina-finai ta Amurka. Watanni samari suna zuwa a tura musu fim ɗin Indiya RRR, wasu waƙar "Naatu Naatu" kaɗai suke so. Na rubuta ta a allo a rukunin waƙa mafi kyau, yaron yana dariya wai Amurkawa ba za su ba Indiya ba. Bikin da tsakar darenmu ake yinsa, don haka sai bayan sallar asuba na duba waya. Ta ci. Ranar da kaina na miƙa masa tsintsiya.

Da aka tura fim ɗin Mai Martaba ya wakilci Najeriya a Oscar ta 2025, duk mun rubuta shi, har yaron. Mun san hanyar da nisa, amma fim ne da harshenmu, hannu ya ƙi rubuta wani. Bai shiga jerin da aka tace ba, muka raba sharar mu uku.

Idan ni za a tambaya gwanina, marigayi Rabilu Musa Ibro ne. Tun Disambar 2014 ya rasu, amma har yau ba a yin mako wani direba ko mai gadi bai zo ya ce in cika masa memori da shi ba. Na ware masa gida guda a kwamfuta, na kuma kwafe shi a wuri biyu saboda tsoron lalacewar na'ura. Jiya ma wani dattijo ya zo da waya mai madannai, ya ce a sa masa guda uku. Ya zauna a benci yana jira, tun kafin a gama turawa ya fara dariya shi kaɗai.